Kyauta da Haraji: Daga Dokin Sarki Zuwa Gasar Talabijin

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na abin da ake ba mutum ba tare da ya saya ba. Akwai kyauta, akwai sadaka, akwai gaisuwa wadda talaka yake kai wa na sama da shi. Sa'an nan akwai tukuici, watau abin da wanda aka yi wa kyauta yake ba ɗan aiken da ya kawo ta. Wannan kalma ta ƙarshe ta isa shaida cewa tun can da Hausawa sun san karɓar kyauta yana da nasa nauyi. Idan sarki ya aika wa mutumin ƙauye da doki, to, sai ya nemo tukuici, ya kafa turke, ya tanadi harawa da dawa. Wani ma dokin ne zai cinye masa rumbu kafin damina ta faɗi.

A ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, kamar su Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, inda gona take manne da gona, ba a barin saura, jama'a sun daɗe da sanin haraji. Kafin zuwan Turawa a 1903 ana biyan kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi. Daga baya Turawa suka kawo taki, watau awon gona da ƙafa, sa'an nan aka koma yanka wa gari kuɗi a dunƙule, dagaci da masu unguwa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa. Ƙarfin nan kuwa da ido ake auna shi. Wanda aka ga ya yi rufin kwano ko ya sayi keke, ba a tambayarsa ko ɗansa ne ya aiko masa daga Kurmi. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Abin mamaki, irin wannan matsala ta sake ɓullowa a Amurka cikin sabuwar riga. A 2003 tashar ABC ta fara wani shiri mai suna Extreme Makeover: Home Edition, inda ake rushe gidan masu ƙaramin ƙarfi a gina musu katafaren gida cikin mako guda. Ana gama biki sai harajin gida ya tashi saboda darajarsa ta ƙaru, kuɗin wuta ma ya ninka, har wasu iyalai suka sayar da gidajen, wasu kuma bashi ya raba su da su. Haka nan a 2004 Oprah Winfrey ta raba motoci 276 ga masu kallon shirinta, amma da yake dokar Amurka tana lissafa irin wannan kyauta cikin kuɗin shiga, sai aka nemi wasunsu harajin da ya kai wajen dala 7,000.

A Nijeriya ma al'amarin ya iso. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024 sun ce a cire kashi 5 cikin ɗari daga abin da mazaunin ƙasa ya ci a caca ko gasar talabijin, baƙo kuwa kashi 15. Bugu da ƙari, dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta sa kyautar gasa cikin abin da ake biya wa haraji, ko da yake naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su.

Idan kyautar kuɗi ce, da sauƙi, domin a jikinta za a yanka. Wahalar tana ga kyautar kaya. Alal misali, manomi daga Ɗambatta ya ci motar da aka yi wa kuɗi naira miliyan 10. Kashi 5 ɗin nan kaɗai naira 500,000 ne, ga kuɗin lamba da inshora, alhali dukiyarsa gero ce da awaki. Ƙarshenta dai sai ya kira dillali. A nan shari'ar Musulunci ta fi sauƙaƙa wa mai karɓa, don ba a fitar da zakka a kan gidan da mutum yake zaune ko abin hawansa, kuɗin kyauta kuwa a mazhabar Malikiyya sai sun cika nisabi sun kuma shekara a hannunsa.

Gidan ƙasa a ƙauye ba kasafai ake bin sa harajin gida ba, amma tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kimanta gidaje domin wannan haraji, kuma birni yana ta cin gonakin Ungogo. Saboda haka ya kamata masu shirya gasa su faɗa wa jama'a da Hausa, tun kafin a shiga, wane ne zai biya harajin, su ko wanda ya ci. Ma'aikatan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha su kuma su bambance kyautar gasa da gudummawar da ɗan'uwa yake kai wa ɗan'uwansa ranar biki ko bayan gobara.