Narkewa Iri-iri Ce: Jawabi ga Malaman Turanci



Kowace shekara muna tura yaranmu jarrabawar WAEC da NECO, kuma mun san duk wanda bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Cikin abubuwan da ke kayar da su akwai 'yan ƙananan kalmomin nan da ke bin aikatau su juya masa ma'ana. Bari mu ɗauki melt, wato narkewa.

Idan aka ce melt away, ana nufin abu ya tafi sannu a hankali har a neme shi a rasa. Haka ƙanƙarar mai sayar da zoɓo a Kasuwar Gumi take yi kafin la'asar. Haka kuma jama'a kan zare jiki ɗaya bayan ɗaya daga Dandalin Murtala in an tashi taro. Yaron da ya ga the crowd melted away ya fassara da cewa mutane sun narke, ya faɗi tambayar. Watsewa suka yi. Ana faɗin haka game da fushi da tsoro, har da albashi kafin tsakiyar wata.

Shi kuwa melt down aikin ganganci ne. A Panteka maƙera kan zuba tsofaffin gwangwanaye a wuta su narkar da su, su fitar da sabuwar tukunya. A nan abin bai ɓace ba, sabon jiki ya samu. In an haɗe kalmomin biyu suka zama suna, meltdown, ma'anar ta koma durƙushewa, kamar yadda jaridu suka kira rikicin tattalin arzikin duniya na 2008.

Yaya za mu koyar da wannan? Mabuɗin yana bakin yaranmu. Ɗan aji ɗaya ma ya san bambancin sayi da sayo da saye da sayar, ya san narke daban, narkar daban. Aikin da Hausa ke yi da ƙarshen aikatau, shi Turanci ke yi da away da down. Mu fara daga nan, sannan mu sa kowane yaro ya gina jimlarsa da abin da ya gani a unguwarsu, maimakon haddar jerin kalmomi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya yi wa yaranmu buɗi, mu kuma ya ƙara mana haƙuri.