Naƙasasshen da Ya Komo Gida da Matarsa Baƙuwa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Rimin Gado

Abin da ya tara mu yau magana ce ta takarda, amma a ƙarƙashin takardar akwai aure da 'ya'ya, saboda haka ina roƙo a kasa kunne.

Kun sani tun zamanin kakanni mutanen ƙasar Kano suke bin hanyar gabas. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a mai yawa ta yi hijira, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Waɗansu suka tafi haji a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira, ko suka zauna Makka da Jidda. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 1923 ba nake nufi ba, 2023 ta jiya-jiyan nan, sai hanya ta juyo. A watan Mayu na shekarar Gwamnati ta kwaso mutanenta da jirage, waɗansu ta Masar, waɗansu ta Port Sudan. Cikin masu neman komowa daga irin waɗannan wurare ba a rasa tsoho wanda ido ya tafi, ko wanda ƙafa ta mutu.

To, a ce wani mutumin Gulu ne ko Butu-Butu, ya shekara talatin a can, ya makance, ya auri 'yar ƙasar. Ita ce 'yar jagorarsa, ita ke ba shi magani, ita ta san inda kuɗinsa suke. Shi kam ba mai hana shi shigowa, gama Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tare ɗan ƙasa a bakin iyaka. In fasfonsa ya mutu ko ya ɓace, ofishin jakadancinmu yana ba da takardar tafiya ta gaggawa. 'Ya'yansa ma 'yan Nijeriya ne, ko a ina aka haife su, bisa ga sashi na 25. Amma matar fa? Nan ne mutane suke kuskure. Ɗaurin aure bai mai da ita 'yar Nijeriya ba. Lalle ne ta riƙe fasfon ƙasarta, ta nemi biza kafin ta taso. Cikin tsarin biza da aka ƙaddamar a 2020 an ware aji guda musamman domin wanda ke aure da ɗan ƙasa. In ta iso, sai ta nemi katin zama wurin Hukumar Shige da Fice. In ba a yi wannan ba, ana iya wuce da makaho a tsai da sandarsa a ƙofa.

Bayan ta zauna, sashi na 26 ya buɗe mata hanya ta zama 'yar ƙasa ta rajista. Sharuɗɗa uku aka ambata: ta zama mai halin kirki, ta nuna niyyar zama a ƙasar nan, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke karɓar takardu, Shugaban Ƙasa ke da ikon yarda. Ku lura da kyau, ba a ambaci lafiyar miji ba, ba a kuwa yanka wani adadin kuɗi da zai mallaka ba. A Ingila ba haka abin yake ba. A 2012 suka ce sai mai samun fam 18,600 a shekara zai kawo matarsa, a 2024 suka ɗaga zuwa fam 29,000, sai dai sun ɗauke wa mai karɓar kuɗin taimakon naƙasa wannan ma'auni. Na kawo wannan ne don kada wani ya ji labarin can ya zo ya tsorata talaka da shi a nan.

Duk da haka miji zai rubuta takarda ya ce ya ɗauki nauyin matarsa, ana kuwa iya tambayar abin da gidan zai ci. Malamai, nan aikinku yake. Kada a rubuta “makaho ne, ba shi da sana'a” a rufe takarda. In yana da gonar gado da ƙanensa ke nomawa, a rubuta. In yana da almajirai, ko ɗa mai kai kaya Kano ta hanyar Gwarzo, a rubuta. Abin da babu kuwa kada a ƙirƙira, gama ƙarya ɗaya in an gano ta takan ɓata takardun gaskiya goma.

Tushen dukan al'amarin shi ne shaidar cewa mutumin nan namu ne. Ofishin Abuja bai san kakan kowa ba. Mai unguwa ya sani, dagaci ya tabbatar, hakimi ya sa hannu, sa'an nan Ƙaramar Hukuma ta ba da takardar shaidar asali. Saboda haka a kira dattawan da suka san ubansa, a tambayi gidan da aka haife shi da wanda ya riƙe gonarsu. In ya taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu kafin ya tafi, su ma shaidu ne na ƙwarai. Wanda kakansa ne ya yi hijira tun zamanin Burmi, wannan shari'arsa dabam ce, ba hakimi zai yanke ba. A rubuta abin da aka sani na zuriyarsa, a miƙa gaba.

Abu biyu suka fi jawo wahala. Na fari, suna. Mutum ya tafi yana Usman Muhammadu, can aka rubuta shi Osman Mohammed, ga kuma laƙabi na uku da ƙauye ya san shi da shi. A bi rubutun da ke cikin fasfonsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi. Na biyu, aure. Yawancin aurenmu a ƙofar gida ko masallaci aka ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba takarda. Aure ne ingantacce, amma ofis ba ya ganin goron da aka raba. In suna da takardar alƙalin can, su riƙe ta kamar ransu. In babu, a je kotu a yi takardar rantsuwa, da shekarar auren da sunayen shaidu. Mijin da ba ya gani a karanta masa kome a gaban mutum biyu kafin ya dangwala hannu, malamin da ya karanta ya sa sunansa a ƙasa.

Kada kuma a bar shi zaune cikin rana a bakin ofis. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ce su za a fara saurara a kowane layi. Wanda ya nuna musu wariya, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu.

Matar da ta fito daga Maradi ko Damagaram lamarinta ya fi sauƙi, don yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da kwana 90 ba biza. Amma Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai ta sake sanarwa, saboda haka a tambayi ofishin Shige da Fice na Kano tukuna, kada a dogara ga sabo.

Saura 'yarmu wadda ta naƙasa a waje, mijinta baƙo. Gaskiya mai ɗaci, sashi na 26 mata kaɗai ya ambata. A watan Maris na 2022 an kai wa Majalisar Tarayya shawarar a daidaita, ba ta sami ƙuri'un da ake bukata ba. A ganina an bar baya da ƙura, gama gurguwa ma tana bukatar mai ɗaukarta. Mijin nata yana iya neman izinin zama na musamman daga Ma'aikatar Cikin Gida, amma zama ɗan ƙasa sai ta sashi na 27, bayan zaman shekara 15. In irin wannan ta zo gabanku, ku rubuta mata shaidar asali daidai da yadda za ku rubuta wa ɗan'uwanta, ku aje kwafi ɗaya cikin littafin gunduma.