Raɗa a Kunne: Shin Bidiyon ASMR Na Kawo Barci?

 

An nemi in yi magana a kan bidiyoyin nan da ake kira ASMR, waɗanda suka cika YouTube da TikTok. Ga wanda bai taɓa gani ba, za ka tarar da mace zaune gaban makirufo tana raɗa, tana ƙwanƙwasa kwalba da farce, ko ta shafe awa guda tana taje gashi a hankali. Wasu in suna sauraro sai tsikar jikinsu ta tashi daga tsakar ka zuwa ƙeya, jiki ya yi sanyi. Duk wadda ta taɓa gyangyaɗi a hannun mai kitso ta san abin da nake nufi. Wata Ba'amurkiya, Jennifer Allen, ce ta laƙaba wa abin wannan suna a 2010.

To, yana sa barci kuwa? A 2015 Emma Barratt da Nick Davis na Jami'ar Swansea a Birtaniya sun tambayi mutum 475 masu sauraronsa, kashi 82 cikin ɗari suka ce don neman barci suke kunnawa. Sai dai a lura, masu son abin aka tambaya, kuma bakinsu kawai aka ji, ba a auna barcin kowa ba. A 2018 Giulia Poerio da abokan aikinta a Jami'ar Sheffield suka auna bugun zuciya, suka ga ya ragu da kusan bugu 3 a minti ga masu jin tashin tsikar nan. Natsuwa ce ta gaske, amma mutanen idonsu biyu aka gwada su. Ba kowa ne kuma ke jin daɗin irin waɗannan sautuka ba, akwai ma wanda ƙarar tauna a kunnensa ɓacin rai kawai take jawo masa.

Ni a ganina sautin ba shi da laifi sosai. Wayar ce matsalar. Wani bincike da aka yi a Boston, aka buga a 2015, ya nuna masu karatu a allo mai haske kafin kwanciya sun ƙara kusan minti 10 kafin barci ya ɗauke su, kuma sinadarin melatonin, wanda ke shaida wa jiki dare ya yi, ya makara. Hasken ma da sauƙi. Raɗa ce, don haka ka ƙure murya. Barci ya fara fizgarka, sai talla ta faɗo da kiɗa, ka zabura. Tunda ka farka, bari ka leƙa WhatsApp. Kafin ka ankara ƙarfe biyu ta yi, ga sallar asuba na jira.

Wanda yake jin daɗin ASMR, ya sauke sautin tun da rana, ya saita shi ya mutu da kansa bayan rabin awa, ya rage murya, ya kife wayar nesa da matashi. Kada kuma a kwana da abin sauraro toshe a kunne.

Amma idan barci na gagarar mutum dare uku a mako har wata uku, maganar ta wuce bidiyo, likita zai gani. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da gyaran tunani da ɗabi'un kwanciya kafin a kai ga ƙwaya.