ƊAGA ƘARFE: SANNU BA TA HANA ZUWA

Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai masu sha'awar ɗaga ƙarfe da ke zaune a unguwar Yalwawa, Dutse



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu lafiya, ina so in fara da faɗa muku dalilin da ya sa na amsa wannan gayyata. A bara, wata rana da la'asar sakaliya, na ratsa ta wani lungu a nan Yalwawa, sai na tarar da samari wajen goma sun kewaye wata sandar ƙarfe wadda aka daskarar wa siminti cikin gwangwani a kowane gefe, ana gasar wanda zai ɗaga ta. Wani ɗalibi ya sunkuya, bayansa a tanƙware kamar baka, ya fizgo ta da ƙarfin tsiya, sai kawai muka ji ya yi ƙara ya durƙushe. Mako uku ya yi a kwance, jarrabawa biyu suka wuce shi. Da na tambayi abokansa ko kilo nawa ne nauyin ƙarfen, babu ko mutum ɗaya da ya sani.

To, 'yan'uwa, maganata a yau guda ɗaya ce, watau shi ƙarfi tara shi ake yi kamar yadda manomi ke cika rumbu, dami bayan dami. Abubuwa uku ne ke kawo shi: ƙarin nauyi a hankali bisa lissafi, da abinci mai gina jiki, da hutu. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kana in yi gargaɗi game da ƙwayoyi.

Na farko, ƙari bisa lissafi. Girkawan dā suna ba da labarin wani ɗan kokawarsu mai suna Milo, wanda aka ce kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ya yi yawo da shi, maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya zamana yana ɗaukar bijimi. Ko labarin ya faru ko almara ce, hikimar da ke cikinsa likitoci sun tabbatar da ita. A shekarar 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana yadda yake farfaɗo da ƙarfin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar ɗaga nauyin da ake ƙarawa sannu a hankali. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin a kan zagaye uku, kowane zagaye ɗagawa goma, tsarin da har yanzu ake koyar da masu farawa.

Saboda haka wajibi ne mutum ya san nauyin abin da yake ɗagawa. Wannan sanda ta siminti ku kai ta wurin mai sikeli a kasuwa, a auna ta, a kuma duba ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, domin nauyin da ya karkace shi ke karkatar da ƙugu. Wanda ba shi da ƙarfe ya tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ashe ke nan jarka mai lita 25 ma'auni ce da za a iya ƙara wa lita ɗaya duk mako. Ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau takwas zuwa goma sha biyu ba tare da tsayuwarka ta lalace ba. Ranar da goma sha biyu ta zo maka da sauƙi a dukkan zagaye uku, sai ka ƙara kilo ɗaya ko biyu, ka rubuta a littafi kamar yadda kake rubuta darasi.

Haka kuma akwai ƙa'idojin riƙe jiki. Kafin ka taɓa ƙarfe ka ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma da ɗan gudu ko tsalle. In za ka ɗauki nauyi daga ƙasa, ka matso da shi dab da ƙwauri, ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ka miƙe gadon baya, ka bar cinya da ɗuwawu su yi aikin. Ka saki numfashi lokacin ɗagawa, ka ja shi lokacin saukewa, ka kuma sauke a hankali, kada ka yar. Kada ka kwanta a benci ka tura ƙarfe bisa ƙirjinka sai da wani a tsaye a kanka wanda zai karɓe in hannu ya gaza. Bugu da ƙari, na lura yawancinku damtse da ƙirji kaɗai kuke wa hidima domin su ne ke fitowa a riga. Jiki kuwa gida ne, ƙafafu da baya su ne harsashinsa. Ku haɗa da tsugunno da nauyi, da jan jiki sama a jikin sanda, da tura nauyi sama da kai.

Na biyu, abinci. Tsoka ba ta ginuwa sai da sinadarin furotin. A 2018 masana suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 49, suka gano cewa kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar da mai ɗaga ƙarfe, abin da ya ɗara haka amfaninsa kaɗan ne. Alal misali, ɗalibi mai nauyin kilo 65 yana bukatar giram 104. Ku zo mu yi lissafi da abin da ke kasuwarmu. Ƙwai biyu giram 12 ne. Wake ɗanye giram 100 yana ba da kimanin giram 23. Gyaɗa giram 50 tana ba da 13, rabin litar nono wajen 16, kifi ko nama giram 100 wajen 20. In aka haɗa da abin da ke cikin gero da dawa da shinkafar da muke ci safe da dare, lissafi ya cika, ba tare da an sayi garin gwangwani mai tsada daga ƙasashen waje ba.

Lalle kakanninmu sun yi dabara da suka haɗa hatsi da wake, gama abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai, na wake yana cikawa. Saboda haka kada wanda ya raina garau-garau, ko ƙosai da koko, ko fura da nono, ko awara, ko ƙuli-ƙuli. Allah ya albarkaci jiharmu ta Jigawa da riɗi da gyaɗa da kifin Haɗeja, ga kuma dabinon Dutse da ya yi suna, wanda 'yan ƙwayoyi kaɗan daga cikinsa kan mayar da kuzari bayan motsa jiki. Sai dai a guji gyaɗar da ta yi hunhuna, domin tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta.

Na uku, hutu. A lokacin ɗagawa gajiyar da tsoka ake yi, a lokacin barci da hutu take gyaruwa ta ƙara kauri. Ka ba kowane sashen jiki kwana biyu kafin ka sake matsa masa, ka kuma nemi barcin sa'a bakwai zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya ƙarfafa tsokarsa aƙalla kwana biyu a mako, ya haɗa da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko hawan keke. Wannan shawara ta shafi mata kamar yadda ta shafi maza, domin ɗaga nauyi yana ƙarfafa ƙashi. Kada mu manta mace ce, Ruth Ogbeifo, ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a ɗaga ƙarfe a wasannin Olamfik na Sidini a 2000.

Ku kuma yi la'akari da yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, don haka a yi atisaye da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, a sha ruwa sosai. Da azumi kuwa a bari sai an sha ruwa. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, tare da ciwon jiki, ya garzaya asibiti, domin alama ce ta narkewar tsoka da ke iya toshe ƙoda. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko sikila, ya ga likita kafin ya fara.

Yanzu sai gargaɗin da na yi alkawari. Akwai masu shan ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki. Galibi akwai dezametason a cikinta, magani ne da ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, alhali yana cinye tsoka, yana raunana ƙashi, yana jawo ciwon sukari da hawan jini. Akwai masu allurar sinadarin maza don tsoka ta kumbura da wuri. Ita kuma tana lahanta zuciya da hanta, tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana iya hana haihuwa. Akwai kuma masu shan taramol don kada su ji gajiya. Shi ciwo ɗan aike ne da jiki ke turowa ya ce a dakata, wanda ya toshe bakin ɗan aike kuwa ba zai san an yi ɓarna ba sai ta gama aukuwa. Iyayenku sun turo ku jami'a ne ku koma musu da ilimi da lafiya, kada ɗayanku ya sayar da ƙodarsa don a yaba damtsensa.

A ƙarshe, ga roƙona ga ƙungiyarku. Ku auna duk ƙarfen da kuke amfani da shi, ku rubuta nauyinsa a jiki da fenti. Ku naɗa wanda ya fi ku sanin hannu ya riƙa koya wa sababbin shiga kafin su ɗauki nauyi. Ku daina gasar fizge. Shi wancan ɗalibi da na ba ku labari ya warke, ya dawo ya fara da jarka rabi, yau kuwa yana ɗaga abin da ya kayar da shi sau goma, littafinsa na lissafi a aljihu. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba ku sa'ar karatu.