Ɗanki ya kusa shiga makaranta, har yanzu yana ɓata wando?

 

Yau ba maganar katin zaɓe na zo da ita ba. Bayan taronmu na mazaɓa wata 'yar uwa ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ɗanta ya cika shekara 5, ana shirin sa shi makaranta, amma kullum sai ta tarar da kashi a wandonsa. Ta yi faɗa, ta yi duka, babansa ma ya sa hannu, abin sai gaba yake yi. Na san ba ita kaɗai ba ce, kunya ce ke hana mu faɗa. To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bari mu yi maganar a tsakaninmu.

Abu na farko, 'yar uwa, ki cire wa ranki cewa yaron nan iskanci yake yi ko taurin kai. Yawancin yara suna iya riƙe fitsari da kashi da rana tsakanin shekara 2 zuwa 4. Na dare kan ɗauki lokaci fiye da haka. A cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 suna fitsarin kwance, kuma galibinsu da kansu suke dainawa. Abin ma yana bin jini. Ki tambayi surukarki yaushe babansa ya daina, ki ji amsa.

Maganar kashi a wando kuwa, ga abin da da yawanmu ba mu sani ba: mafi yawan lokuta taurin bayan gida ne ke jawo shi. Yaro ya yi kashi mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, sai ya fara riƙewa. Za ki ga yana matse ƙafa, yana laɓewa bayan ƙofa. Kashin ya taru ya ƙara tauri, hanji ya buɗe, har yaron ya daina jin alamar cewa lokaci ya yi. Sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe yana ɓata wando, shi bai ma sani ba. Uwa ta gani ta ce gudawa ce, ta aika kemis a sayo Flagyl. Ba gudawa ba ce. Hanjin da ya cika kuma yana danne mafitsara, shi ya sa wani yaron ke haɗa biyun, kashi da fitsari. Kin ga idan kika doke shi a kan wannan, kin doke shi a kan abin da ba shi da iko da shi. Tsoro ya ƙaru, riƙewa ta ƙaru.

To me za ki yi? Bayan karin kumallo da bayan abincin dare, ki zaunar da shi a fo kamar minti 5, ko ya yi ko bai yi ba. Lokacin ne hanji ke motsi da kansa. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kar ta riƙa lilo. Ya zauna, ki yaba masa, ko da a ce bai yi komai ba. Ki yawaita ba shi ruwa da rana, da wake, zogale, miyar kuka, kuɓewa, gwanda, lemo da kankana. A rage biskit da taliyar leda kullum. Da dare a rage shayi da lemon kwalba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani.

Ki kuma duba masan gidan da idon yaro. Rami ne mai faɗi, ga duhu, ga kyankyaso, ga wari. Babba ma yana shiga da sauri. Ki fara da fo a kusa da ƙofar, ki raka shi, ki riƙe masa fitila, har ya saba. Sannan don Allah a daina ɗora wa yaro tabarmar fitsari a ka ana tara 'yan unguwa suna yi masa waƙa. An yi mana haka muna yara, ban ga wanda ya warke da ita ba.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida. Idan yana kuka in zai yi fitsari, ko da zazzaɓi. Idan akwai jini a fitsarin, musamman yaron da ke wanka a kududdufi ko rafi, tsargiya ce ake tsoro. Idan yana yawan ƙishirwa, yawan fitsari, yana ramewa, a gwada ciwon suga ranar nan, kar a jira. Idan ya daina wata 6 ko fiye sannan ya dawo yi. Idan ya wuce shekara 4 yana ɓata wando da kashi. Duk waɗannan a kai asibiti. Maganin taurin bayan gida yakan ɗauki watanni, kar ki tsayar daga ganin sauƙin mako ɗaya. Mai yaro mai sikila kuma ki ji da kyau: fitsarin kwance ya fi yawa a wurinsu saboda yanayin ƙodarsu, kuma ba a rage musu ruwa don a hana shi, rashin ruwa na tayar da ciwon.

Kafin ranar makaranta, ki koya masa sauke wando da kansa, mai roba ya fi mai zif. Ki koya masa tsarki da buta da wanke hannu da sabulu, mace daga gaba zuwa baya. Ki koya masa ya ce, "Malama zan je ban ɗaki." Ki sa wando na biyu a leda cikin jakarsa, ki keɓe da malamar ki gaya mata.

Yanzu ga inda ya shafe mu a matsayinmu na matan jam'iyya. Kin sha wahala kin koya wa yaro, ya je makarantar da ban ɗakinta a kulle yake, ko babu ruwa, ko babu shi kwata-kwata. Zai riƙe tun safe har a tashi, ciwon ya dawo sabo. A Nuwamba 2019 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta kai ga haka. Ashe abu ne mai yiwuwa.

Saboda haka aikin wannan mako: kowace shugabar mata ta mazaɓa ta ɗauki mata biyu, ku je firamaren unguwarku. Ku gaisa da hedimasta cikin mutunci, ku nemi ganin ban ɗakin 'yan ajin farko. A buɗe yake? Akwai ruwa da buta? Na mata daban? Ku rubuto mana a nan, mu haɗa mu kai wa kwamitin SBMC da kansila da sakataren ilimi. Mu muke bin layi ranar zaɓe, muna da bakin tambaya.

A tura wa sauran 'yan uwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu. Wassalamu alaikum.