Kuɗin sa ido a kan Meziko

Sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shi da wuya. Abin da ke cin kuɗi shi ne bin diddigi.

Lokacin da yarjejeniyar USMCA tsakanin Amurka, Meziko da Kanada ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2020, majalisar dokokin Amurka ta riga ta ware wa Ma'aikatar Ƙwadago dala miliyan 210. Miliyan 180 na taimaka wa Meziko ne ta gyara harkar ƙungiyoyin ma'aikata, sauran 30 kuwa na sa ido, har da tura jami'ai su zauna a can.

A ƙarƙashin wannan yarjejeniya, a 2021 Amurka ta kai ƙorafi kan masana'antar General Motors da ke Silao a Meziko, inda aka zargi tsohuwar ƙungiyar ma'aikata da murɗe ƙuri'ar amincewa da kwantiragin aiki. Aka sake zaɓe, ma'aikata suka yi fatali da kwantiragin, a 2022 suka zaɓi ƙungiya mai zaman kanta.

To, kada a ɗauka tausayi ne zalla. Muddin albashi ya yi ƙasa a Meziko, masana'antun Amurka za su ci gaba da tsallaka iyaka, kuma 'yan majalisa sun san hakan sarai da suka amince da kuɗin.