Idan Titi Ya Ci Gida ko Gona: Diyya da Yadda Ake Neman Ta

Ikon da gwamnati take da shi na karɓe fili ko gida don faɗaɗa titi a Najeriya ya fito ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. Sashe na farko na dokar ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi, ko da kakanninsa ne suka sare dajin, haƙƙin zama ne da na amfani. A Arewa wannan tsari ya girmi 1978, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke. Shi ya sa kalmar nan ta "ƙasa ta gwamnati ce" ta zauna a bakin mutane, har wasu suke ɗauka cewa wanda titi ya ci wa gida ba shi da ta cewa. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 bai yarda da haka ba. Ya hana a karɓe wa mutum kadara da ƙarfi sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ta kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe.

Sashe na 28 na dokar 1978 ne ya ba gwamna damar soke haƙƙin mutum a kan fili saboda buƙatar jama'a, kuma gina titi yana cikin abubuwan da dokar ta lissafa. Ko titin na gwamnatin tarayya ne, ta hannun gwamnan jiha sokewar take bi. Malamai kan kawo misalin Sayyidina Umar, wanda ya sayi gidajen da ke kewaye da Masallacin Harami don a faɗaɗa shi, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka ajiye musu kuɗinsu. Ke nan ɗaukar wuri don maslahar jama'a yana da tushe, biyan mai wurin ma yana da tushe.

Sokewa ba ta tabbata sai da sanarwa a rubuce, mai ɗauke da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma sai ta isa ga mai wurin: a miƙa masa hannu da hannu, ko a kai gidansa, ko a aika ta gidan waya, ko a liƙa ta a jikin ginin idan an rasa gano mai shi. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da isar da wannan takarda ba. Jan fentin da ake shafawa a bango alama ce ta masu awo, ba ya zama madadin takardar. Duk da haka bai kamata mai gida ya raina shi ba. Ranar da aka ga fenti, ko aka ga safiyo yana kafa turaku a bakin gona, ranar ce ya kamata a fara tattara takardu, a je wurin mai unguwa ko dagaci, a kuma leƙa ofishin filaye na jiha a tambayi aikin wane ne, faɗinsa nawa, yaushe za a zo ƙidaya.

Akwai wata iyaka da mutane da yawa suke yin kamar ba su san da ita ba. A kan manyan hanyoyin tarayya, Ma'aikatar Ayyuka tana lissafa mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe a matsayin hurumin hanya. Wanda ya kafa shago ko rumfa a cikin wannan hurumi bayan an shata shi, da wuya ya samu ko kwabo ranar rusau, ko da ya shekara ashirin a wurin, ko da yana riƙe da rasit na harajin da yake biya. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, ta bi ta Wudil da Shuwarin da Azare da Potiskum da Damaturu, kuma a irin waɗannan garuruwa kasuwa da tasha da layin shaguna kan manne da kwalta tun hanya tana siririya. Mai son sayen fili a bakin titi ya auna daga tsakiyar kwalta kafin ya biya dillali.

Ranar ƙidaya ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci a cikin lamarin nan, kuma ita ce aka fi wasa da ita. Jami'an ƙiyasta kadara suna zuwa da tef da takarda, su auna gini, su ƙirga ɗakuna, su duba irin rufi da ƙofofi, su ƙirga itatuwa, su rubuta sunan mai wuri. Daga wannan takarda ake fitar da kuɗi. Abin da bai shiga cikinta ba, a wurin ofis babu shi. Amma sai a ga magidanci ya tafi kasuwar ƙauye a ranar, ya bar yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zagaya da baƙi. Yaro bai san a nuna rijiya ba, bai san a ambaci masai da rumbu da katangar baya da wayar wuta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dole mai wurin ya tsaya da ƙafarsa, da shaidu biyu, ya bi jami'ai lungu-lungu, ya sa wani ya riƙa rubuta nasa lissafin daban, a ɗauki hoto da bidiyo na kowane sashe da waya mai nuna kwanan wata. Kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a karanta masa abin da aka rubuta daga farko har ƙarshe, kuma wanda zai karanta ya zama nasa ne. Takardar da aka bar gurbin adadi babu komai a ciki ba a sa mata hannu, ko wane ne ya kawo ta.

Abin da doka ta ce a biya yana sashe na 29 na dokar 1978, kuma a nan ne zukata suke ɓaci. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta yadda za a sayar da ita a kasuwa. Abin da aka tanada a kan fili tsura shi ne kwatankwacin kuɗin hayar ƙasa da mai shi ya biya gwamnati a shekarar da aka soke. Mutumin da ya zuba miliyoyi ya sayi fili a bakin hanya, bai ɗora ko bulo ɗaya ba, yana iya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan gurbi ne mai cutarwa a cikin dokar, kuma gyara shi yana da wuya, domin sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya ɗaure dokar a jikinsa, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyaran kundin.

A kan gini kuwa, ana lissafa abin da za a kashe a sake yin irinsa, sannan a cire wani kaso saboda tsufa. Gidan ƙasa na gado da ya ɗauki iyali ashirin yana iya fitowa da kuɗin da ba zai gina ɗaki uku na bulo ba. Idan biya ya yi jinkiri, dokar ta ce a ƙara kuɗin ruwa bisa farashin banki. Wannan ƙari yana da dalili, domin aikin titi kan shekara da shekaru, kuma buhun siminti na ranar ƙidaya ba shi ne na ranar biya ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da karɓar irin wannan ƙari ba ya tambayi malaminsa.

Amfanin gona da itatuwa suna da jadawalin farashi na gwamnati. Mangwaro da ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya da giginya da dabino duk ana ƙirga su, kuma babbar bishiya mai 'ya'ya ba farashinta ɗaya da dashe ba. A 2024 ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Dangiwa, ya sanar da sabunta wannan jadawali saboda tsohon ya daɗe bai dace da zamani ba, don haka manomi yana da damar tambayar da wane jadawali aka yi masa lissafi. Nan ma maganar ta koma ranar ƙidaya: ɗorawa bakwai da aka rubuta huɗu, huɗu za a biya.

Rashin takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ba ya kashe haƙƙin mutum. Sashe na 34 da na 36 na dokar 1978 sun ɗauki wanda yake riƙe da gida ko gona tun kafin 1978 a matsayin mai haƙƙi, kamar an ba shi takarda. Sai dai zai nuna hujja: takardar ciniki mai sa hannun dagaci, takardar rabon gado daga kotu, takardar ƙaramar hukuma, tsofaffin rasit, shaidar maƙwabtan iyaka. Ana ba jami'ai kwafi, asali kuma ya zauna a gida.

Gidan gado da ba a raba ba shi ne ya fi jawo rigima. Jami'ai suna son suna ɗaya, sai babban wa ya ba da nasa, kuɗi su faɗa asusunsa, 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu da marayun ƙanen da ya rasu su ji labari bayan an kashe. Kuɗin diyya na gidan gado, gado ne, kuma ana raba shi yadda shari'a ta raba gidan. Ya kamata magada su zauna tun kafin ranar ƙidaya, su zaɓi wakili a rubuce, a gaban mai unguwa ko alƙali, a ambaci sunan kowa. Haka nan filin al'umma, kamar maƙabarta ko filin Idi: doka ta yarda a biya al'umma, ko shugabanta, ko a zuba a wani asusu don amfaninta, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin wanne aka zaɓa. Ɗan haya da ya gina shago da kuɗinsa a filin wani shi ma dokar ta san da shi, amma sai ya tsaya an rubuta ginin da sunansa. Asarar ciniki kuwa dokar 1978 ba ta yi maganarta ba.

Da zarar labarin diyya ya bazu, wasu mutane kan ɓullo da jakar takardu, suna cewa su ne za su fito wa talaka da kuɗinsa. Ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasta kadara abu ne mai kyau, musamman idan unguwa ta haɗu ta ɗauki guda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a tabbatar yana da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, a rubuta kason da zai ɗauka, kuma takardar wakilcin da za a sa wa hannu ta ba shi ikon magana da ƙiyasi kawai. Kuɗi su shiga asusun mai kadara. Akwai kuma masu tashi cikin dare su dasa itatuwa ko su jera bulo don a ƙirga musu. Wannan cuta ce, kuma tana sa jami'ai su riƙa zargin har masu gaskiya.

Wanda bai gamsu da adadin da aka yanka masa ba, sashe na 30 ya tura shi ga kwamitin rabon filaye na jiha. Ya rubuta ƙorafi, ya haɗa da nasa ƙiyasin da hotuna, ya kai, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Sashe na 47 ya yi ƙoƙarin hana kotu duba yawan diyya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da ta taso daga Kaduna a 1986, ta ce wannan hani ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Marar ƙarfin ɗaukar lauya yana iya kai kukansa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. Jinkiri yana raunana ƙara, haka ma sa hannu a takardar da ta ce an karɓi cikakkiyar diyya babu sauran magana. Mai niyyar ƙorafi ya nemi shawarar lauya kafin ya karɓi ko sisi. Tare katafila da jifan ma'aikatan ɗan kwangila ba su taɓa ƙara wa kowa diyya ba, sai dai su kai matasan unguwa ofishin 'yan sanda, alhali direban katafila ba shi ya yi lissafin ba.

Wani lokaci akan ba mutum wani wuri maimakon kuɗi. Sashe na 33 ya ce wanda ya karɓi musaya ya gama karɓar diyyarsa, idan kuma sabon wurin ya fi tsohon daraja, bambancin bashi ne a kansa. Sai a je a ga wurin da ido, a ga ko akwai ruwa da hanya, a karɓi takardarsa a hannu kafin a amince. Ayyukan da Bankin Duniya yake ba da kuɗinsu suna da nasu sharuɗɗa masu sauƙi ga jama'a: cikakken kuɗin sake gini ba tare da cire na tsufa ba, tallafi har ga marasa takarda, da biya kafin a tashi mutum. Shi ya sa yake da amfani a san wanda ke ɗaukar nauyin titin tun farko.

Kada mai gida ya cire kwano ko ƙofa, ko ya sare bishiya, kafin a ƙirga kuma a tabbatar masa da adadi a rubuce. Bayan biya akan ba da wa'adin kwashe kaya, kuma a tambayi jami'ai ko an yarda ya ɗebi kwanonsa da katakonsa. Idan wani ɓangare na filin ne kawai titi ya ci, ragowar yana buƙatar sabon awo da gyaran takarda a ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, domin kuɗin hayar ƙasa ya koma daidai da abin da ya rage, kuma sabuwar iyaka ta shiga rajista.